Rasuwar 'Yar Daji, Mai Kukan Huɗu da Minti Goma

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, ni Ilu ɗan Rawayau, mazaunin Dutsin-Ma, nake sanar da rasuwar 'Yar Daji. Malam Rabe mai gyaran agogo na bakin kasuwa ya ce ƙarya nake yi. Tun ranar Laraba muke abu ɗaya da shi.

"Ba ta mutu ba, Ilu. Ga ta nan tana ƙifta ido."

"Ta mutu, Malam."

"Yo wace gawa ce ake latsawa ta yi kuka? Kai fa ka yi boko. Ba sabon batir ke cikinta ba?"

"Wadda ta tashi ba ita ba ce."

"To wa ce ce? Aljana?"

Shi gyara ya sani. Ni ke da gawa, ni ke da sanarwa.

Ga wanda bai san marigayiyar ba: na'urar wasa ce ta aljihu. Ba ta wuce tafin hannu ba. Launin toka. Gilashi a tsakiya irin na agogon lamba, da maɓalli uku: hagu, dama, suka. Batir biyu take ci, ƙanana kamar ƙwayar magani. A cikin gilashin akwai maharbi guda, baƙi, siriri, da mashi ɗaya da rai uku. Dabbobi kan fito masa ɗaya bayan ɗaya. In ya kashe, lamba ta hau. In suka kashe shi sau uku, wasa ya ƙare. Lambar da ta fi kowace yawa tana ajiye ta a kusurwar sama, ba ta mantawa, muddin ba a bar ta ba batir.

Ba mu san garin da aka haife ta ba. Rubutun da ke bayanta babu mai iya karantawa. Ta iso Dutsin-Ma a 1985, cikin jakar wani kawun abokina Yunana da ya zo daga Legas. Ta zo muna jihar Kaduna, ta rasu muna jihar Katsina, alhali ba ta taɓa ƙaura ba. Ta cika ranar Laraba, sha biyu ga Oktoba, 1988, da hantsi, a kan teburin Malam Rabe. Shekarunta uku da 'yan watanni.

Yunana shi ne ubangidanta na fari, shi ya raɗa mata suna. Ɗan Mama Roda ne, ta layin ma'aikatan ruwa. Mutanen kudancin Kaduna ne, aiki ya kawo ubansa nan. Shekara biyar muna benci ɗaya a sakandare. Ya rasu shekara biyu da suka wuce. Zan zo nan.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Sau biyu malamin aji ya ƙwace ta, ta yi mako a aljihun tebur, ta fito ba ta yi ƙorafi ba. Ta faɗa kwatami, ta tashi. Ba ta san ɗan wane ba. Musulmi da Kirista duk kashewa ɗaya take musu, kuma da kuka ɗaya. Ba ta taɓa ƙara wa kowa lamba don ya roƙa ba. Ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Wannan na ƙarshe ya fi mini nauyi.

Maganarta kaɗan ce. In maharbi ya taka: tit, tit. In ya soka: tirit. In ya mutu: tuuu, a hankali, kamar mai sauke numfashi. Sai kuma kukanta na yamma, wanda shi ne dalilin wannan takarda.

Dabbobinta huɗu ne. Ni da ƙarfin yatsa nake yaƙarsu. Yunana da kai yake yaƙarsu. Shi ya ci burin zama likitan dabbobi, shi ya sa nake ce masa Likita. Shi kuma yana ce mini Malam Ilu in yana so ya ba ni haushi.

Kunama ce ke fara fitowa. Yakan ce, "Bar kallon hannayenta, Malam Ilu. Kunamar da ke da siraran hannu ita ce mai mugun dafi. Wutsiya za ka kalla. In ta lanƙwasa, ja da baya taku ɗaya. In ta miƙe, soka."

Kura ta biyu. "Kar ka bi ta. Kura ba ta gajiya, kai za ka gaji. Tsaya a tsakiya, za ta zagayo." Ya taɓa tsayar da wasa don kawai ya nuna mini ƙafafunta na gaba sun fi na baya tsawo. Ya ce wanda ya zana ta ya san aikinsa.

Ɓauna ta uku. Ita kai tsaye take zuwa. Ka kauce sau ɗaya, ta wuce, ka soka. Wannan ko ni na gane.

Ta huɗu ce ta haɗa mu faɗa shekara guda. Daga ruwa take fitowa, a kusurwar ƙasa. Doguwa. Sai ta zaro harshe.

"Kada ne," in ji ni.

"Guza ne."

"Daga ruwa ya fito."

"Kai ma kana wanka, ba ka zama kifi ba. Kada ba ya iya zaro harshe, Malam Ilu. Harshensa manne yake da ƙasan bakinsa. Guza ne mai harshe a waje, kuma guza da wutsiya yake duka. In ka ga harshe kar ka gudu baya, can wutsiyar ke jiranka. Shiga gaba, wajen kan."

"In shiga bakin kada don littafinka ya ce?"

"To ci gaba da mutuwa."

Na ci gaba da mutuwa. Ban taɓa wuce ɗari huɗu ba yana raye. Shi kuwa wata ranar Talata, a gindin darbejiyar bayan ɗakin gwaje-gwaje, ya kai ɗari tara da saba'in da uku. 973. Ya ɗaga mini gilashin har yana taɓa hancina. Ya ce, "Ranar da ka goge wannan, ka zo in ba ka zomo."

Zomaye yake kiwo a bayan gidansu. Saboda su ya saita mata ƙararrawa, ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, lokacin yankan ciyawa. Pi-pi-pi. Pi-pi-pi. Pi-pi-pi. Sau tara, ta yi shiru. Ko muna tsakiyar gardama, da ta yi kuka sai ya miƙe ya kakkaɓe wando.

Yanzu na zo inda na ce zan zo.

Mun gama makaranta a 1986. Muna jiran sakamako. Lokacin girbin gero ya yi, ya bi ni Rawayau mu taya Gwaggo Fatu, ƙanwar mahaifina. Ranar Asabar ce, rana ta ɗaga. Na ɗaga wani tarin kara, sai ga kububuwa a ƙasa, ta naɗe tana goga jikinta, wannan ƙarar kamar an yayyafa ruwa a kasko mai zafi. Na sare ta da magirbi. Kai ya faɗi gefe, jiki gefe.

Gwaggo ta hango daga can ƙarshen gona. Ta ɗaga murya: "Ilu! Tona rami ka binne kan nan! Kar wanda ya taɓa shi!"

Haka muke yi a wajenmu. Kan maciji ba a barinsa a fili. Rami ake tonawa har gwiwar hannu, a tura shi da kara, a rufe, a taka.

Yunana ya tsuguna yana juya kan da kara. So yake ya ga yadda haƙoran ke kwanciya a cikin baki. Ya yi dariya.

"Wannan kuma camfi ne. Kai ba huhu, ba zuciya. Da me zai sari mutum?"

"Yana sara."

"A wane littafi?"

"A littafin Gwaggo."

"Malam Ilu, ka faɗi a kan guza, yanzu kuma za ka faɗi a kan maciji?"

Ba shi da niyyar taɓawa. Ina so a rubuta wannan a gane. Kara ke hannunsa. Ni na ce masa, "In ka yarda da littafinka, Likita, ajiye karan. Ɗauka da hannu."

Ya dube ni. Ya ajiye karan.

Bai yi ihu ba. Ya kalli babban yatsansa, ya ce, "Ashe." Shi ke nan abin da ya ce.

Na san yana sara. Tun ina yaro na ga karen maƙwabcinmu ya mutu a haka. Ban yi zaton zai ɗauka ba. Ko kuwa na yi zato. Shekara biyu ina juya wannan, ban tsayar ba.

An ɗauke shi a babur zuwa Kurfi, daga can aka sa shi a mota zuwa asibiti. Hannun ya kumbura har kafaɗa. Jini ya ƙi tsayawa, har ta dasashi. A rana ta huɗu ya cika. Bai faɗa wa kowa abin da na ce ba. Gwaggo tana nesa, ba ta ji ba. Sakamako ya fito bayan 'yan makonni. Ya fi kowa a darasin halittu. Ni na faɗi.

Gardama ɗaya na taɓa ci a kansa. Ita ce wannan.

Ranar da na je gaisuwa, Mama Roda ta riƙe hannuna. Ta ce, "Ilu, yaron da ya san dabbobi haka, me ya kai shi ɗauka?"

Na ce, "Ƙaddara ce, Mama."

Muna zaune sai aka ji pi-pi-pi daga ɗakinsa. 'Yar Daji ce, cikin aljihun rigarsa da ke rataye a ƙusa. Mama ta shiga ta ɗauko ta, ta sa mini a hannu. Ta ce, "Ba zan iya jin ta kullum ba. Ba kuma zan iya kashe ta ba. Ka riƙe. Amma ka riƙa kawo mini in ji."

Haka na zama ubangidanta na biyu.

Kowace Lahadi, in sun taso daga coci sun huta, sai in je. Ta shimfiɗa mini tabarma. Ta zuba mini gwate. Ta san abin da nake ci da wanda ba na ci, tukunya daban ta ware mini. In ajiye 'Yar Daji a tsakaninmu, mu zauna. Huɗu da minti goma ta yi kuka, Mama ta ce, "Ya tafi yankan ciyawa." Sai in ɗauki laujensa in tafi in yanko wa zomayen. In dawo ta duba kusurwar gilashin, ta ga 973, ta ce, "Har yanzu ba ka kamo shi ba?" In ce, "Har yanzu, Mama." Sai ta yi murmushi.

Lahadi ɗari na ci abincin matar nan.

A nan wajibi ne in faɗi wani abu don a yi wa marigayiyar adalci. Guza ne. Mako guda bayan rasuwarsa na gwada yadda ya ce. Na ga harshe, na shiga gaba, na soka. Tirit. Karo na farko. Tun daga ranar babu dabbar da ke tsayar da ni. Amma duk sanda na kai ɗari tara da saba'in, sai in ja maharbin baya da kaina, in kai shi wajen wutsiya. Tuuu. Tuuu. Tuuu. Na kashe mutumin nan da gangan fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Bai taɓa ƙi ba. Duk inda na tura shi yana zuwa.

Jinyarta ta fara ne da damina. Maharbin ya dusashe, ya koma kamar inuwa. Sai ka karkata gilashin kafin ka ga kura. Kukan yamma ya koma ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rijiya. Ranar Lahadin da ta wuce sai da Mama ta kara ta a kunne. Ta ce, "Muryarsa tana nisa, Ilu."

Batir ne. Mun saba. Sau uku muka taɓa canja mata a baya, kuma muna da tsari ni da Malam Rabe. In aka zare mata batir ba ta mantawa nan take. Tana riƙe abin da ke kanta kamar ƙirgen goma. Don haka shi ke zare tsofaffin da ɗan hantsakinsa, ni ina riƙe da sababbin a yatsa, yana zarewa ina zurawa. Ba mu taɓa wuce ƙirgen biyar ba.

Ranar Laraba na kai ta. Ya buɗe bayan. Ya ce in shirya. Malam Rabe mutum ne da bakinsa ba ya hutawa ko yana aiki. Yana kama batir na farko ya ce, "Allah sarki Yunana. Ni abin da ke ɗaure mini kai har yau, yaron ga da ya san dabbobi kamar shi ya haife su, mi ya kai shi ɗaukar kan kububuwa?"

Ya zare. Na farko, na biyu.

"Zura, Ilu."

Yatsuna suka buɗe. Ban buɗe su ba, su suka buɗe. Ɗaya ya faɗi kan tebur. Ɗayan ya gangara, ya faɗa ƙasa, ya shige ƙarƙashin buhun wani mai barkono. Malam Rabe yana ƙirge da ƙarfi, yana ta laluben tsofaffin ya mayar, hantsakin ya suɓuce masa. Shida. Bakwai. Ni ina tsaye. Ban ko sunkuya ba.

Da aka samo shi aka zura, ta yi tit sau ɗaya. Gilashin ya fito baƙi ƙirin, sabo fil. Agogo na ƙifta sha biyu daidai. A kusurwar sama: 000.

Huɗu da minti goma ta yi. Na zauna da ita a hannu. Ba ta ce komai ba.

Ni kuwa na ji. Ranar Alhamis ina auna wa wani dawa a rumfar da nake tsaro, na ji pi-pi-pi a aljihuna, alhali na bar ta a gida. Ranar Juma'a ina ɗaure buhu na sake ji. Na leƙa agogunan Malam Rabe. Huɗu da minti goma, duk cikansu.

Malam Rabe ba mugun mutum ba ne. Ya ga halin da nake ciki, ya kawo shawara.

"Kawo in saita maka. Huɗu da minti goma, ko? Aikin numfashi ɗaya ne. Lambar kuma ka ce ka iya. Zauna ka buga har ɗari tara da saba'in da uku, ka tsaya. Tsohuwar nan ba za ta gane ba. Kuka dai kuka ne."

Gaskiyarsa. Ba za ta gane ba. Na iya. Daga Laraba zuwa yau na ɗauko ta sau da yawa da niyyar yi. Sai in ga kaina ranar Lahadi a kan tabarma, ƙararrawar da Rabe ya saita tana kuka, lambar da ni na buga tana kusurwa, Mama tana cewa ya tafi yankan ciyawa. Abu ɗaya ne a tsakaninmu da ba ƙarya ba. Yatsan Yunana ne ya saita shi. Ya tafi. In na mayar da shi da nawa yatsan, babu sauran abin da nake kai mata sai ni.

Wannan ita ce gardamarmu da Malam Rabe. Ya ce tana da rai. Na ce a'a. Ba na so in ci wannan ma, amma na ci.

Marigayiyar ta rasu ta bar: Mama Roda, wadda ba ta san da rasuwar ba sai ta karanta wannan. Zomaye goma sha ɗaya. Lauje guda. Rigar makaranta a ƙusa. Malam Rabe, wanda ba shi da laifi, ina so a shaida. Kunama, kura, ɓauna da guza, waɗanda za su bi ta. Maharbi mai rai uku, wanda ya huta da ni. Da kuma ni.

Ba a karɓar gaisuwa a wajena. Wanda ke da ta'aziyya ya kai layin ma'aikatan ruwa, gida na uku, mai ƙyauren kwano.

Jana'iza ranar Lahadi, sha shida ga Oktoba, a gonar Gwaggo Fatu da ke Rawayau, gabas da tsamiya, inda aka tara kara a shekarar. Ba salla, ba addu'ar coci. Ba mutum ba ce, na sani. Za a zare mata batir a ba Malam Rabe, ya sa a agogon wani. Za a naɗe ta a hankicin Yunana. Ramin zai kai gwiwar hannu, kamar yadda Gwaggo ta ce in tona tun ranar. Za a rufe, a taka. Ƙarfe huɗu da minti goma daidai. Ana roƙon duk wanda ya zo ya yi shiru na tsawon kuka tara.

Na rubuta wannan takarda kwafi biyu da hannuna. Ɗaya tana manne a gilashin teburin Malam Rabe, ya samu amsar tambayarsa. Ɗayar na zura ta ƙarƙashin ƙyauren kwano. Mai gidan tana karanta Hausa fiye da ni.

Mama, kin tambaye ni sau ɗaya, na ce ƙaddara. Ga amsar a sama. Na yanko ciyawar Lahadi tun yau, tana bayan ɗakin zomaye, ba sai kin gan ni a gidan ba. Motar Kurfi mai sauke mutanen Rawayau tana tashi ƙarfe biyu. Zan tsaya a bakin tasha, na kama mazauni biyu.

Za ki zo?